Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Tarihin Hannun Gem da Abin da Yake Koya wa Mai Saye

A ranar 21 ga Disamba, 2023, wani yaro ɗan shekara 13 mai suna Willis Gibson, mazaunin garin Stillwater a jihar Oklahoma ta Amurka, ya zauna buga Tetris, samfurin da kamfanin Nintendo ya fitar a 1989 don na'urarsa ta NES. Bayan kimanin minti 38 ya kai mataki na 157, sai wasan ya sandare, domin lissafin da aka gina shi a kai ya kasa ɗaukar abin da ke faruwa. Shekara 34 ana buga wannan wasa, babu ɗan Adam da aka san ya taɓa kai shi ga wannan bango kafin shi.

Ba da dannawa irin ta kowa ya yi wannan aiki ba. Daga mataki na 29 tubalan Tetris suna faɗowa da saurin da riƙe madanni ba ya isa a kai su gefe kafin su dira. Sai gwanaye suka ƙirƙiro wata dabara wajen 2020: a ɗora hannun gem a kan cinya, a aza yatsa ɗaya a kan madannin ba tare da an danna ba, sannan a riƙa kaɗa bayan hannun da yatsun ɗaya hannun kamar mai kiɗan kalangu. Kowane bugu yana tura madannin ya haɗu da yatsan da ke jiransa, har a sami dannawa 20 ko fiye a sakan guda. Dabarar ta dace ne da siffar hannun NES: ɗan akwati mai kusurwa huɗu, marar nauyi, bayansa a shafe. Hannun zamani mai tudu da mariƙai biyu ba ya ba da wannan dama.

Labarin ya shafi duk wanda ya taɓa tsayawa a shago ko a shafin intanet yana neman hannun gem mai kama da na da. Kasuwa ta cika da su, wasu launin toka irin na Nintendo, wasu baƙaƙe irin na Sega, kuma kusan kowanne yana alkawarin zai buga tsofaffin wasanni da sababbi. Mutum yakan saya saboda kamannin ya tuna masa da ƙuruciya, ya koma gida ya tarar Mario sai faɗawa rami yake yi, ya yanke hukunci cewa ko dai tsufa ya kama shi ko kuma wasan dama ba shi da daɗin da yake tunawa. Sau da yawa laifin na hannun ne. An ƙera kowane hannun gem don ya amsa buƙatar wasannin zamaninsa, kuma wanda ya san waɗannan buƙatu ya san abin da zai duba kafin ya biya kuɗi.

Kafin zamanin babban yatsa

Hannun gem ya girmi kasuwar gem. A 1958, a ɗakin binciken Brookhaven da ke jihar New York, masanin kimiyya William Higinbotham ya haɗa wasan Tennis for Two, wanda ake bugawa da ɗan akwati mai abin murzawa ɗaya da madanni ɗaya. A 1962, a jami'ar MIT, Steve Russell da abokansa suka rubuta Spacewar! a kan kwamfutar PDP-1. Da farko da makunnan da ke jikin kwamfutar ake bugawa, abin da ke gajiyar da gwiwar hannu, sai biyu daga cikinsu, Alan Kotok da Bob Saunders, suka haɗa wasu akwatuna masu waya da mutum zai riƙe ya ja da baya.

Da Atari 2600 ta fito a 1977, sai sanda ta zama sarauniya. Mai wasa yana riƙe gindin akwatin da hannun hagu, yana tura sandar da hannun dama, yana danna jan madanni guda ɗaya da babban yatsan hagu. Masu rubuta wasanni suka tsara komai a kan madanni ɗayan nan: harbi ko tsalle. Abokan hamayya suka gwada wasu hanyoyi. Intellivision ta 1979 ta zo da faifai mai gane fuskoki 16 da jerin madannai 12 kamar na wayar tarho. Atari 5200 ta 1982 ta zo da sandar da ba ta komawa tsakiya da kanta idan an sake ta, kuma ta sha suka saboda haka. A wancan lokaci babu wata siffa da aka yi ittifaƙi a kanta.

Mararrabar Yokoi

Amsar da ta zauna ta fito ne daga Kyoto ta ƙasar Japan, daga kamfanin da aka kafa a 1889 don buga katin karta. Gunpei Yokoi ya shiga Nintendo a 1965 a matsayin mai kula da injunan buga katin, daga baya ya koma ƙirƙirar kayan wasa. A 1980 ya fito da Game & Watch, ƙananan na'urorin aljihu masu wasa ɗaya-ɗaya. A 1982 aka so a mayar da Donkey Kong cikin irin wannan na'ura. Wasan yana buƙatar tafiya hagu da dama da hawa tsani da sauka, na'urar kuwa naɗe ta ake yi kamar littafi, saboda haka babu wurin da sanda za ta tsaya. Sai sashen Yokoi ya yi wani shimfiɗaɗɗen madanni mai siffar alamar tarawa, kamar mararrabar hanya, wanda babban yatsa ɗaya zai iya juyawa. Shi ne masu sana'ar ke kira D-pad, kuma mararraba ce sunan da ya dace da shi.

Aikin mararraba yana ƙarƙashinta. A tsakiyarta akwai ɗan tudu da take lilo a kansa, ta yadda idan an danna hagu, dama tana ɗagawa, ba zai yiwu a danna su tare ba. Ƙarƙashin kowane reshe akwai roba mai ɗigon baƙin kabon, wanda ke haɗa layukan lantarki biyu idan ya taɓa allon da ke ƙasa, sannan robar ta mayar da reshen mazauninsa. Tsayin tudun nan da taurin robar su ne ke raba mararraba mai kyau da marar kyau, kuma babu ɗayansu da ake gani a hoton talla.

Lokacin da Masayuki Uemura da ma'aikatansa ke ƙera Famicom, wadda ta fito ranar 15 ga Yuli, 1983, sun fara tunanin sanda irin ta manyan akwatunan gem na saka kwabo. Amma an ji tsoron ba za ta yi ƙarko ba, kuma yara za su iya taka ta a ƙasa. Sai aka ɗauko mararrabar Game & Watch aka sa a hagu, madannai biyu A da B a dama, Start da Select a tsakiya. Madannan farko na roba ne masu kusurwa huɗu, suna maƙalewa, sai aka sauya su da masu zagaye. Wannan tsari, hagu tafiya dama aiki, shi ya isa Amurka a 1985 da sunan NES, kuma shi ake bi har yau. A 2007 Nintendo ta karɓi lambar yabo ta Emmy a fannin fasaha saboda wannan ƙirƙira, shekara goma bayan rasuwar Yokoi a hatsarin mota a 1997.

Ko mutanen da ba su taɓa ganin Famicom ta asali ba sun san wannan siffa, domin masana'antu a Taiwan da Sin sun kwaikwayi na'urar suka watsa ta duniya. A Rasha sunanta Dendy daga 1992. A kasuwannin Afirka, har da na Najeriya, ta iso da sunaye iri-iri tare da kaset masu da'awar dubban wasanni, alhali 'yan kaɗan ne ake maimaitawa. Da yawa daga hannayenta suna da ƙarin madannai biyu masu dannawa da kansu a jere. Saboda haka abin da wani ke tunawa a matsayin hannun asali tun farko kwaikwayo ne, wanda kowace masana'anta ta yi da irin robar da ta samu.

Wasan da ya ƙara madannai

Sega ta fito da Mega Drive a 1988 da madannai uku a jere, A da B da C, da mararraba mai zaune a kan faifai. Nintendo ta amsa a Nuwamba 1990 da Super Famicom, wadda aka sani da SNES a ƙasashen Yamma: madannai huɗu, A da B da X da Y, an jera su ɗaya sama, ɗaya ƙasa, biyu a gefe, ga kuma wasu biyu a kafaɗa, L da R, don yatsun manuniya da a da ba su da aiki. Jerin yana da dalili. A Super Mario World, Y ne gudu, B ne tsalle, kuma an aje su yadda kan babban yatsa zai danne Y, cikinsa ya sauka a kan B. A samfurin Amurka ma an lotsa saman X da Y, an bar A da B da tudu, domin yatsa ya bambance su ba tare da ido ya bar talabijin ba.

Sai Street Fighter II na kamfanin Capcom ya fito a 1991 da madannai shida, uku na naushi uku na shuri. Da ya zo SNES a 1992, adadin ya cika idan an haɗa da na kafaɗa. Mega Drive kuwa uku take da su, dole Sega ta fitar da sabon hannu mai madannai shida a fuska a 1993, layi biyu uku-uku, daidai da jerin akwatin kwabo. Ta ci gaba da wannan tsari a Saturn ta 1994, wadda masu wasannin faɗa ke yaba hannunta har yau.

A nan tarihi ya rabu gida biyu, kuma rabuwar tana da tasiri ga mai saye. Wasannin tsalle-tsalle da Tetris suna son mararraba mai tsantseni, wadda idan an ce ƙasa, ƙasa kawai za ta ji. Wasannin faɗa suna son wadda yatsa zai zame a kanta daga ƙasa zuwa kusurwa zuwa gaba cikin motsi ɗaya, kuma faifan Sega ya fi sauƙin wannan. Hannu ɗaya da wuya ya gamsar da gidajen biyu baki ɗaya.

Sanda ta dawo, ƙarama

A Disamba 1994 Sony ta shigo da PlayStation. Mai zanen hannunta, Teiyu Goto, ya ɗauki tsarin SNES ya ƙara masa mariƙai biyu da madannan kafaɗa huɗu, ya maye haruffa da alamomi. Daga baya ya bayyana ma'anarsu: alwatika tana nufin mahangar ɗan wasa, murabba'i takarda ce, da'ira "e", alamar X kuma "a'a". A ƙasashen Yamma aka juya biyun ƙarshe, X ta zama ta amincewa, kuma a 2020 Sony ta mayar da hakan doka har a Japan a kan PlayStation 5.

Wasanni kuwa sun fara barin shimfiɗaɗɗen allo suna shiga duniya mai zurfi, inda ɗan wasa ke tafiya ta kowace fuska. Mararraba fuska takwas kawai ta sani, kuma ba ta san bambancin tafiya da gudu ba. Nintendo 64 ta Yuni 1996 ta zo da ƙaramar sanda ta babban yatsa mai auna nisan da aka tura ta: a Super Mario 64, turawa kaɗan sanɗa ce, turawa sosai gudu ne. Hannun yana da mariƙai uku, alamar cewa kamfanin bai yarda ya saki mararraba ba tukuna: mai wasa ya zaɓi riƙon da ya dace da wasansa. A 1997 aka ƙara masa abin girgiza tare da Star Fox 64. Sandar tana da nata aibin. Roba ce ke gogar roba a cikinta har ta saki, kuma a Mario Party yara sun riƙa murza ta da tafin hannu har suna salewa, abin da ya sa a 2000 Nintendo ta amince da babban lauyan jihar New York cewa za ta raba safar hannu ga waɗanda suka sayi wasan.

Sony ta amsa a 1997 da sanduna biyu, da farko a hannun Dual Analog, sannan DualShock mai girgiza. Ape Escape na 1999 shi ne wasan farko da ba ya buguwa sai da su. Zuwa fitowar Halo a kan Xbox a 2001, al'adar da ake bi yanzu ta kafu: sandar hagu tafiya, ta dama juya kyamara. DualShock 2 na PlayStation 2, na'urar da aka sayar da fiye da miliyan 150, shi ne hannun da ya cika gidajen gem na biranen Najeriya a zamanin da ƙwallon ƙafa ke cin kasuwa a cikinsu.

Daga nan wata gardama ta taso wadda ba a kashe ba har yau. Babban yatsan hagu yana da mazauni ɗaya da yake sauka a kai ba tare da miƙewa ba, wato sama ta hagu. Sony ta bar mararraba a wurin, ta sa sanda a ƙasa. Dreamcast ta Sega a 1998, da GameCube da Xbox a 2001, sun ba sanda wurin. Duk wanda ya kalli wannan mazauni a jikin hannu ya ga irin wasannin da aka fi yi masa tanadi.

Haruffa ma sun rikice. A hannun Nintendo, A tana dama, B tana ƙasa. A na Xbox, A tana ƙasa, B tana dama, X da Y ma sun yi musaya. Wanda ya sayi hannu mai haruffan Nintendo ya haɗa da kwamfuta, inda mafi yawan wasanni ke nuna alamomin Xbox, zai ga allo na cewa ya danna A alhali madannin da ake nufi an rubuta masa B.

Abin da ke lalacewa, da abin da ya ɓace

Mafi yawan sandunan zamani suna auna motsi ne da wani ɗan ƙarfe da ke goga a kan layin kabon. Goga tana cinye layin, ƙura tana shiga, sai hannu ya fara ba da rahoton motsin da babu wanda ya yi: ɗan wasa yana tafiya shi kaɗai. Matsalar ta yi ƙaurin suna a hannayen Joy-Con na Nintendo Switch, wadda ta fito a Maris 2017. An kai ƙara kotu a Amurka a 2019, shugaban kamfanin Shuntaro Furukawa ya ba da haƙuri a 2020, kuma a 2023 kamfanin ya amince da gyara kyauta a ƙasashen Turai ko da garanti ya ƙare.

Maganin da kasuwa ta koma gare shi tsoho ne. A 1879 masanin kimiyya Edwin Hall ya gano cewa maganaɗisu yana karkatar da lantarkin da ke bi ta cikin ƙarfe, ta yadda za a iya aunawa. Sandar da aka gina a kan wannan tana da maganaɗisu da na'urar da ke jin matsayinsa ba tare da sun taɓa juna ba, don haka ma'aunin ba ya gogewa. Sega ta yi amfani da wannan a Dreamcast tun 1998. Kamfanoni irin su GuliKit da 8BitDo sun dawo da shi a 'yan shekarun nan. Da tsohuwar zuma ake magani, ko da yake maganaɗisu ba ya hana sifirin da ke mayar da sanda tsakiya gajiya.

Akwai kuma abubuwan da hannayen da suka gabata ke yi waɗanda aka daina. Kunamun GameCube suna auna zurfin dannawa: a Super Mario Sunshine na 2002, dannawa kaɗan tana fesa ruwa ana gudu, dannawa har ƙasa tana tsayar da Mario ya saita. Da aka sake fitar da wasan a Switch a 2020, wadda kunamunta ba su san rabi ba, sai aka raba aikin ga madannai biyu, daga baya aka ƙara damar haɗa hannun GameCube. Madannan fuskar DualShock 2 suna jin ƙarfin yatsa, kuma Metal Gear Solid 2 ya dogara da hakan wajen ɗaga bindiga da sauke ta ba tare da harbi ba. DualShock 4 ya zo babu wannan. Bindigar Duck Hunt kuwa ba ta aiki da talabijin ɗin zamani sam, sai tsohuwa mai ƙeya. Masu gasar Super Smash Bros. sun ƙi rabuwa da hannun GameCube, har Nintendo ta fitar da abin haɗa shi da Wii U a 2014, ta sake yi wa Switch a 2018.

Dawowar tsohon yayi

A Nuwamba 2016 Nintendo ta fitar da NES Classic, ƙaramar kwafin tsohuwar na'urar mai wasanni 30 a ciki, aka yi wawarta har ta yi wuyar samu. Ƙorafin da ya fi yawa a kanta shi ne wayar hannun ba ta kai mita ɗaya ba. SNES Classic mai wasanni 21 ta biyo baya a 2017. Daga 2018 kamfanin ya riƙa sayar wa masu rajistar Switch Online hannayen NES marasa waya, sannan na SNES a 2019, na Nintendo 64 da Mega Drive a 2021. Kamfanin 8BitDo na ƙasar Sin ya bi wata hanya: ya ɗauki siffar SNES ya dasa mata sanduna biyu a SN30 Pro, ya yi M30 mai madannai shida irin na Sega. Retro-Bit kuma ya sami lasisin Sega yana sake ƙera hannayenta.

Buƙatar tana da tushe. Wani bincike da cibiyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a sayar da su a lokacin binciken. Waɗanda suka rage ana samunsu ne galibi ta sake fitarwa ko ta manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar na'ura, a kan kwamfuta ko waya ko na'urar da ba don su aka yi ta ba. Kaset ya tafi, talabijin mai ƙeya ta tafi. Abin da ya rage mutum ya taɓa da jikinsa shi ne hannu.

Abin da mai saye zai duba

Tambayar farko ita ce wasannin wane zamani za su ci mafi yawan lokacinsa. Idan na NES da SNES da Game Boy ne, yana buƙatar mararraba a mazaunin sama. Idan wasannin faɗa ne ko na Mega Drive da Saturn, madannai shida a fuska sun fi masa komai. Idan na Nintendo 64 ne, ya sani cewa madannan C huɗu za su koma kan sandar dama a hannun zamani, abin da ke aiki wajen juya kyamara amma yake wahala a wasan da ke amfani da su a matsayin madannai. Idan kuwa rabin lokacinsa na sababbin wasanni ne, sanduna biyu da madannan kafaɗa huɗu wajibi ne, kuma mai son tseren mota ya tabbatar kunamun suna auna zurfi. Ƙananan hannaye masu siffar SNES sau da yawa ba su da wannan, kuma rashin mariƙai yana gajiyar da babban hannu idan zama ya yi tsawo.

Ta biyu ita ce gwajin mararraba, wanda masu wannan harka ke yi da Contra. A danna ƙasa, ɗan wasa ya kwanta, sannan a ɗan girgiza yatsa hagu da dama ba tare da an bar reshen ba. Idan ya tashi ya fara gudu, mararrabar tana jin kusurwar da ba a nufa ba. A kuma danna tsakiyarta: idan duka rassan huɗu suka nutse tare, tudun da Yokoi ya dogara da shi ya yi gajere ko babu shi.

Ta uku ita ce jinkiri. Tsofaffin wasanni suna zana hoto 60 a sakan, wato kowane hoto yana ɗaukar kashi 16.7 cikin dubu na sakan, kuma an tsara su don talabijin mai nuna hoto nan take. Yau jinkiri yana taruwa daga wurare uku: hannu, manhajar kwaikwayo, da talabijin. Waya ita ce mafi tabbas. Bayanta sai ɗan abin karɓar saƙo na 2.4GHz da ake sokawa a ramin USB. Bluetooth ya danganta da hannun da kuma na'urar da ke karɓa. Kafin a zargi hannu, a kunna tsarin gem na talabijin, domin gyaran hoton da take yi kan jawo jinkirin da ya fi na hannu. Wanda ya taso a ƙasashen da talabijin ke aiki da hoto 50 a sakan, kamar Turai da Najeriya, zai iya tarar da wasa irin Sonic ya fi yadda ya sani sauri, domin samfurin da aka yi wa irin wannan talabijin ya fi na asali nawa da kusan kashi 17 cikin 100.

Ta huɗu ita ce wace na'ura hannun zai yi magana da ita. Kwamfuta mai Windows ta fi gane tsarin XInput, wanda ya zo da Xbox 360 a 2005. Switch tana da nata, wayoyin Android da iPhone ma haka, shi ya sa hannaye masu kyau ke da makunnin sauya tsari. Wasannin PlayStation 5 da na'urorin Xbox kuwa ba sa karɓar hannu sai nasu ko wanda aka ba lasisi, komai kyansa. Jabun hannaye ma sun yi yawa, kuma kwalinsu kan fi cikinsu kama da na gaske. Batir da ake iya cirewa a sauya yana ƙara wa hannu shekaru.

Wanda ya bi waɗannan tambayoyi yakan ƙare da ɗaya daga amsoshi biyu. Ko dai hannu ɗaya mai tsarin DualShock, mararraba a sama, sanduna biyu a ƙasa, da mariƙai da kunamu masu auna zurfi, wanda zai yi aiki mai gamsarwa a kusan kowane zamani. Ko kuma hannaye biyu: na zamani don sababbin wasanni, da wani mai sauƙin kuɗi, mai waya, wanda ya bi siffar na'urar da mutum ya fi ƙauna. Nintendo da kanta ta gwada haɗa zamani biyu a hannu ɗaya a 1996, sai da ta yi masa mariƙai uku, kuma ba ta sake maimaita wannan siffa a wata sabuwar na'ura ba.